Daga Cashel zuwa Clonmacnoise: Bin Sawun Sarki Feidlimid na Munster

A kudancin tsibirin Ailan akwai lardin da ake kira Munster, wanda a zamanin da yake da sarkinsa na kansa, kuma gadon sarautarsa yana bisa wani dutse mai suna Cashel. Daga shekarar 820 zuwa 847, wanda ya zauna a kan wannan gado shi ne Feidlimid ɗan Crimthann. Marubutan zamaninsa sun lissafa wuraren ibadar da ya ƙone ɗaya bayan ɗaya, shekara bayan shekara, sa'an nan da ya mutu suka rubuta cewa mafificin mutanen Ailan ya huta, suka kira shi marubuci kuma mai halwa. Maganganun nan biyu duka a cikin littafi guda suke, wato kundin tarihin Ulster, wanda yake kawo abin da ya auku a kowace shekara a taƙaice, ba tare da ya tsaya yin sharhi ba. Wannan ne ya sa da na je ziyarar ƙanena da ke aiki a Dablin, na roƙe shi ya ɗauki hutu ya tuƙa mu zuwa wuraren da sunan sarkin ya ratsa, domin gani ya kori ji.

Kafin mu bar Dablin sai da muka shiga gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke titin Kildare, inda ba a biyan kuɗin shiga. A wani ɗaki mai ƙarancin haske, cikin akwatin gilashi, akwai wani babban ƙoƙon azurfa mai hannu biyu wanda aka yi wa ado da zaren zinariya da ƙwayoyi masu launin zuma. Idan mutum ya matsa kusa har numfashinsa ya taɓa gilashin, zai ga cewa zaren nan siffofin tsuntsaye da dabbobi ne aka murɗa, kowanne bai wuce faɗin farce ba. Kusa da shi akwai faranti da ludayin tacewa. A shekarar 1980 wani mutum da ɗansa suka tono su da na'urar gano ƙarfe a Derrynaflan, wani tudu da ke tsakiyar fadama a gundumar Tipperary, ba nisa da Cashel, kuma rikicin mallakarsu ya kai har kotun ƙoli. Ƙoƙon aikin ƙarni na tara ne, kuma gidan zuhudun Derrynaflan, wato mazaunin malaman Kirista da suka keɓe kansu don ibada, yana cikin wuraren da ke da alaƙa ta kusa da Feidlimid, shi ya sa wasu masana suke ganin cewa a inuwarsa aka ƙera shi. Na tsaya a gabansa ina tunanin cewa wurin da zai iya ajiye irin wannan kaya ba bukkar matalauta ba ne, kuma wannan tunani ya yi mini amfani a sauran tafiyar.

Daga Dablin zuwa Cashel tafiyar kusan awa biyu ce a babbar hanyar da ta nufi Cork. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, koriya shar, an rarraba ta da shingen itatuwa, shanu baƙi da fari suna kiwo babu makiyayi. Tun daga nesa ake hango dutsen, ya taso shi kaɗai a tsakiyar fili kimanin mita 60, da gine-gine masu launin toka a kansa. Mun ajiye mota a ƙasa muka hau da ƙafa, iska tana kaɗa mu, yayyafi yana zuwa yana ɗaukewa kamar yadda ya saba a ƙasar.

Abin da ya kamata mai ziyara ya sani shi ne, duk ginin da ke tsaye a kan dutsen nan babu wanda Feidlimid ya taɓa gani. Doguwar hasumiyar nan mai zagaye, mai tsawon mita 28, an gina ta ne wajen shekarar 1100. Ƙaramar majami'ar da ake kira ta Cormac an fara ta a 1127 aka keɓe ta a 1134, kuma saboda danshi yana cin zanen da ke bangonta, ba a shiga sai rukuni-rukuni tare da ɗan jagora. Babbar majami'ar da ba ta da rufi kuwa ta ƙarni na 13 ce. Duk waɗannan sun zo ne bayan shekarar 1101, lokacin da Sarki Muirchertach Ua Briain ya ba wa coci dutsen kyauta, kyautar da ta raba tsohon gidan sarautar Eóganachta da mazauninsa na gado. A zamanin Feidlimid abin da ke nan ganuwa ce da ɗakuna na katako da ciyawa, waɗanda ruwan sama ya daɗe da cinyewa. Abin da ya rage daga zamaninsa shi ne dutsen da kuma abin da ido ke gani daga kansa: filin kiwo mai albarka ta kowace fuska, duwatsun Galtee ta kudu maso yamma, da hanyar arewa a buɗe babu abin da ya tare ta.

Ɗan jagoran ya ba mu labarin da ake ba kowane baƙo, cewa a nan Waliyyi Patrick, wanda ake dangantawa da yaɗa addinin Kirista a Ailan, ya yi wa Sarki Óengus baftisma, ya soke shi a ƙafa da tsinin kandirinsa bai sani ba, shi kuwa sarkin ya daure bai motsa ba don ya ɗauka hakan yana cikin ibadar. Labari ne na gargajiya, amma yana nuna yadda mutanen Cashel suke son a tuna da sarautarsu, wato sarauta ce da ta taso manne da addini. Sunan Feidlimid bai fito a bayaninsa ba sai da na tambaya, kuma ko a lokacin a gurguje ya wuce shi.

Ailan ta wancan zamani ba ta da birane, ba ta kuma buga kuɗi. An kasa ta ƙananan masarautu fiye da ɗari, kowacce da sarkinta. Ƙaramin sarki yana bin wanda ya fi shi, shi kuma yana bin sarkin lardi. Da shanu ake lissafin dukiya da tara da sadaki da diyya, kusan kamar yadda ake auna arzikin mutum a rugar Fulani. Alamar mubaya'a kuwa ita ce sarki ya miƙa 'ya'yansa ko 'ya'yan manyansa jingina a hannun wanda ya fi ƙarfinsa. Rabin tsibirin na arewa yana hannun zuriyar Uí Néill, waɗanda reshensu na arewa da na kudu suke karɓa-karɓar sarautar Tara, wadda ita ce mafi daraja a tsibirin. Munster tana hannun Eóganachta, su ma rassa da yawa ne da sarauta ke zagayawa a tsakaninsu, abin da ya sa da wuya su haɗa kai. Reshen da Feidlimid ya fito ya yi kusan shekara 200 bai hau gado ba, tun bayan kakansu Fíngen da ya mutu a farkon ƙarni na bakwai. Mutumin da gidansu ya yi nisa da sarauta haka dole yana da wani abin da ya jingina da shi, kuma alamu sun nuna cewa coci ce. Sunansa yana cikin jerin mabiya tafarkin Máel Ruain na Tallaght, wanda ya rasu a 792, jagoran masu tsananta ibada da ake kira Céli Dé, mutanen azumi da tsayuwar dare da ƙin duniya.

Aikinsa na farko da aka rubuta ya dace da wannan suna. A 823 shi da Artrí, bishop na Armagh, babbar cocin Waliyyi Patrick da ke arewa, suka shimfiɗa dokar Patrick a kan Munster, dokar da ta haramta kashe malaman coci, wadda kuma take kawo kuɗin shiga ga cocin Armagh da sarkin da ya tsaya mata. Amma a cikin shekarar nan dai ya ƙone gidan zuhudun Gallen, ɗakunan kwana da ɗakin addu'a baki ɗaya. Gallen tana gundumar Offaly ta yau, a ƙasar da ke ƙarƙashin Uí Néill, kuma can muka nufa bayan mun kwana a garin Cashel.

Hanyoyin arewa ƙanana ne, wani wurin mota biyu ba sa wucewa sai ɗaya ta raɓe jikin shinge. Mun tsaya a Birr muka ci abinci muka yi salla a gefen wani lambu. Yawancin baƙi suna zuwa garin ne don ganin ƙaton madubin hangen taurari da aka gina a 1845, amma ni abin da ya kawo ni shi ne matsayinsa na bakin iyaka tsakanin Munster da ƙasar Uí Néill. Saboda haka ne a 697 aka yi babban taro a nan aka kafa dokar Adomnán da ta hana taɓa mata da yara da malamai a lokacin yaƙi, kuma saboda haka ne a 827 Feidlimid ya gana a nan da Conchobar ɗan Donnchad, sarkin Tara, a matsayin tsara da tsara. Ganawar ba ta haifar da zaman lafiya ba. A 830 Feidlimid ya ƙone Fore, a 831 ya kai rundunarsa har Brega, ƙasar Uí Néill da ke kusa da kogin Boyne.

Daga Birr zuwa Clonmacnoise ana ratsa fadamu masu baƙar laka wadda mutanen ƙasar suka daɗe suna yankawa su shanya su yi makamashi da ita. A irin wannan ƙasa ba a tafiya ko'ina sai ta kan wasu dogayen tudun tsakuwa da ƙanƙarar zamanin da ta bari, kuma mafi girmansu shi ne hanyar da ta haɗa gabas da yamma. A daidai inda wannan hanya ta gamu da kogin Shannon, wanda shi ne babbar hanyar kudu da arewa, Waliyyi Ciarán ya kafa gidan zuhudunsa a tsakiyar ƙarni na shida, ya rasu ba da jimawa ba yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Da na tsaya a bakin gangaren na dubi kogin yana tafiya a hankali tsakanin ciyayi, na fahimci abin da taswira ba ta nuna mini ba, wato duk mai riƙe da wurin nan yana riƙe da mararrabar tsibirin. A shekarun 1990 masu nutso sun gano ragowar wata gadar katako a ƙarƙashin ruwan, mai tsawon kusan mita 120, wadda binciken itacenta ya nuna an yi ta wajen 804. Ke nan gadar sabuwa ce a ƙuruciyar mulkin Feidlimid, kuma ba kowace ƙungiya ce za ta iya tara ma'aikata da katakon irin wannan aiki ba.

Clonmacnoise a lokacin gari ne a aikace: akwai makaranta, da maƙera, da masu sassaƙar dutse, da manoma masu noma gonakin coci, da garken shanu, da hurumi mai faɗi wanda duk wanda ya shiga, mutum ko dukiya, ya shiga amana. Sarakunan Connacht, lardin yamma, da na Mide, ƙasar Uí Néill na kudu, a nan ake binne su, kuma a nan suke ajiye abin da suke tsoron a kwashe. A cikin ɗakin baje koli an jera ɗaruruwan allunan kabari, yawancinsu ɗauke da gicciye da gajeren roƙo cewa a yi wa wane addu'a. A nan ne kuma aka shigar da ainihin manyan gicciyen dutse don kare su daga ruwa, aka kafa kwafinsu a waje. Mafi shahara yana da tsawon kusan mita huɗu, kuma a ƙasan fuskarsa ta gabas an sassaƙa mutum biyu, ɗaya da takobi ɗaya da rigar malamai, sun kama sanda guda suna kafa ta a ƙasa. Wasu sun ce Ciarán ne da Sarki Diarmait suna dasa ginshiƙin farko na cocin, wasu sun ce Sarki Flann Sinna ne da shugaban gidan, Colmán, waɗanda suka gina babbar majami'ar a 909. Ko wanne ne, hoton ya faɗi gaskiyar wurin: hannun sarkin Uí Néill da hannun malami a kan sanda ɗaya.

Wannan wuri ne Feidlimid ya fi matsa wa lamba. A 832 ya ƙone hurumin Ciarán. A 833 ya komo ya kashe mutanen gidan, ya ƙone hurumin har zuwa ƙofar majami'a, ya yi wa gidan zuhudun Durrow haka nan. Ƙanena, wanda har lokacin bai ce komai ba a kan sarkin, ya dube ni ya ce, “Yaya, to wannan ina zuhudun yake? Ai ɗan fashi ne da carbi.” Na ce masa maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma sai an san yadda gidajen nan suke kafin a yanke hukunci. Ba Feidlimid ne ya kawo musu takobi ba. A 760 Clonmacnoise ta yi yaƙi da Birr, a 764 ta yi da Durrow har mutum 200 na Durrow suka mutu, a 807 kuma gidan Cork da na Clonfert suka gwabza aka yi ɓarnar rayuka mai yawa. Shugabancin manyan gidajen sau da yawa gado ne a hannun dangin sarauta, kuma duk sarkin da ya samu nasa ya hau kujerar ya samu gonaki da mayaƙa da haraji. A Clonmacnoise ɗin ma an yi ta jan igiya a kan muƙamin mataimakin shugaba, har ta kai Cathal ɗan Ailill, sarkin Uí Maine, ya jefa wani mutumin Munster mai riƙe da muƙamin a cikin Shannon ya nutse. Saboda haka idan sarkin Cashel ya sa wuta a hurumin Ciarán, rumbun abokan gabansa yake ƙonawa, kuma yana yin haka ne a matsayin ɗan gida wanda ya san inda ƙarfin yake.

Wannan bayani ne kawai, ban ɗauke shi wanki ba. Mutumin da ya shimfiɗa dokar hana kashe malamai da hannunsa, ya zo bayan shekara goma ya kashe su a bakin ƙofar majami'arsu, ya san abin da yake yi. Wasu masana sun yi ƙoƙarin nuna cewa gyara yake nufi, wai yana hukunta gidajen da suka lalace da son duniya ne. Ni ban gamsu da haka ba, domin wuraren da ya ƙone kusan duka a ƙasar abokan hamayyarsa suke, kuma inda ya samu dama bai rushe kujerar ba, hawa ya yi. A 836 ya karɓe shugabancin gidan Cork, kuma a shekarar nan aka rubuta cewa Dúnlang, shugaban Cork, ya mutu a Cashel ba tare da an ba shi jibin ƙarshe da coci ke ba wa mai mutuwa ba, abin da ke nuna a tsare ya mutu. A shekarar dai ya shiga Kildare da makamai ya kama Forannán, shugaban Armagh, tare da jama'arsa a cikin ɗakin addu'a, a lokacin da mutum biyu suke takarar kujerar Armagh kowanne da sarakunan da ke bayansa.

A tsakiyar makabartar Clonmacnoise akwai wani ɗan ƙaramin gini marar rufi, wanda bai kai faɗin ɗakin kwana ba, bangonsa ya karkace kamar zai faɗi. Nan ake cewa kabarin Ciarán yake, kuma shekaru aru-aru manoma suna ɗibar ƙasar cikinsa suna zubawa a kusurwoyin gonakinsu don neman tsari, har aka shimfiɗa duwatsu a daɓen. A nan ne labarin mutuwar Feidlimid ya fi daɗin ji, domin mutanen wurin ne suka tsara shi. A 845 mayaƙan teku daga ƙasashen arewacin Turai, waɗanda ake kira Vaikin, suka taso daga tafkin Ree suka ƙone Clonmacnoise. Shekara ta zagayo, mutane ba su gama farfaɗowa ba, Feidlimid ya zo ya sake washe hurumin. Marubutan gidan suka ce Ciarán da kansa ya bi shi har Munster ya soke shi da kandirinsa, ciwo ya kama shi a ciki, bai ƙara shekara ba ya mutu. A Munster kuwa da wajen mutanen Tallaght, sunansa ya shiga jerin waliyyan da ake tunawa da ranarsu. Mutum ɗaya ne, mutuwa ɗaya, amma abin da za ka ji ya danganta da ƙofar da ka tsaya.

Zancen Vaikin shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a kan wannan sarki. Sun fara kai hari Ailan tun 795, kuma a zamaninsa ne abin ya tashi daga fashin bakin teku ya zama mamaya. A 837 jiragensu 60 suka shiga kogin Boyne, wasu 60 suka shiga Liffey. A 841 suka kafa sansanin dindindin a Dablin. A 845 suka kama Forannán ɗin nan na Armagh a cikin Munster kanta, suka tafi da shi da kayan tsarkinsa zuwa jiragensu. A duk tsawon shekara 27 da ya yi yana mulki, littattafan tarihin ba su kawo wuri ɗaya da Feidlimid ya fuskance su da yaƙi ba. A shekarar da ya kama Forannán a Kildare, su ma Vaikin sun washe Kildare sun ƙone rabin majami'arta, har mutum ya rasa wace wutar ce mazauna wurin za su fi tsoro. Idonsa yana kan Tara, kuma a ganinsa baƙin nan fitina ce mai wucewa.

A kan hanyarmu ta komawa gabas muka bi ta Cloncurry, a arewacin gundumar Kildare. Babu abin da zai sa matafiyi ya taka birki a nan: tsohuwar makabarta, kangon majami'a, da wani tudun ƙasa da Normawa suka tara daga baya. Amma a nan ne kundin Ulster ya ce an yi babban taron sarakuna a 838 tsakanin Feidlimid da Niall Caille, wanda ya hau sarautar Tara a 833. Iyakar abin da marubucin arewa ya faɗa ke nan. Kundin Inisfallen, wanda aka rubuta a Munster, ya ce a Clonfert aka yi taron, kuma Niall ya miƙa wuya, Feidlimid ya zama cikakken sarkin Ailan a wannan rana, ya kuma zauna a kujerar shugaban Clonfert. Har wurin taron ma ba su yarda da juna ba. Abin da ya biyo baya ya nuna cewa idan ma Niall ya sunkuya, bai ɗauki sunkuyawar da nauyi ba.

A 840 Feidlimid ya yi abin da ya fi kowane aikinsa ƙarfin hali. Ya ratsa Mide da Brega yana ɓarna, ya je ya sauka da rundunarsa a Tara, kuma marubutan Munster sun ƙara da cewa ya tafi da Gormlaith, matar Niall, da matan da ke tare da ita. Mun isa Tara da la'asar. Tudu ne mai ciyawa kimanin kilomita 40 arewa maso yamma da Dablin, babu ganuwa babu fada, sai zagayayyun ramuka da tuddai, da wani tsayayyen dutse da ake dangantawa da naɗin sarakuna, da wani tsohon kabari da ake kira tudun 'yan jingina wanda ya girmi dukan sarakunan nan da dubban shekaru. Ko a zamanin Feidlimid babu mai zama a wurin. Daraja ce kawai da suna. Saukar sarkin Munster a nan magana ce da ya yi wa dukan tsibirin ba tare da ya buɗe baki ba. Sai dai Niall bai zo ya tare shi a inda yake so ba, ya zagaya ya washe Fir Chell da Delbna Bethra, ƙasashen da ke kan hanyar komawar Feidlimid gida.

Shekara ɗaya bayan haka aka yi ta ta ƙare. Feidlimid ya shiga Leinster da runduna ya nufi Carman, wurin taron sarautar lardin, Niall ya sauko ya same shi a Mag Óchtar, a yankin Cloncurry ɗin nan da muka wuce, ya fatattake shi. Marubucin arewa, wanda ya saba da gajerun jimloli, a nan ya kasa daurewa ya kawo baitin waƙa, cewa an bar kandirin Feidlimid mai tsayuwar dare a cikin ƙaya, Niall ya ɗauke shi da haƙƙin nasara. Baitin habaici ne, amma ya tabbatar da abu guda, wato sarkin yana fita yaƙi da sandar malanta a hannunsa, kuma abokan gabansa ma da ibadarsa suka san shi. Daga nan bai sake neman Tara ba. Niall ya nutse a kogin Callan kusa da Armagh a 846, Feidlimid ya bi shi a 847.

Wanda ya gaje shi a Cashel, Ólchobar ɗan Cináed, shi ma shugaban gidan zuhudu ne, na Emly, kuma a 848 ya haɗa kai da sarkin Leinster suka karya Vaikin a Sciath Nechtain, wanda ya nuna cewa ƙarfin yana nan tun da, inda aka juya shi ne ya bambanta. Amma damar da Munster ta samu a kan Uí Néill ta wuce. Máel Sechnaill, wanda ya hau Tara bayan Niall, ya shigo Munster a 854 da 856 yana karɓar 'yan jingina, a 858 kuma ya ratsa lardin har bakin tekun kudu, kuma shi ne masana da yawa suke lissafawa a matsayin sarkin farko da ikonsa ya game tsibirin a aikace. Ɗansa Flann Sinna ne ya ci yaƙin Belach Mugna a 908, inda aka kashe wani sarkin Cashel mai rigar bishop, Cormac ɗan Cuilennán, shekara guda kafin Flann ya gina majami'ar da muka gani a Clonmacnoise. Sai a 1002 wani mutumin Munster ya karɓi mubaya'ar sarkin Tara, wato Brian Boru, shi kuwa ba daga gidan Eóganachta ya fito ba, daga Dál Cais ne, dangin da suka ƙwace Cashel daga hannunsu.